Daga Fijo Zuwa Corolla: Tarihin Abin da Ke Sa Riƙon Mota Ya Yi Sauƙi ko Tsada

A shekarar 1980, idan matashin ma'aikacin gwamnati a Kaduna ko Kano ya samu rancen mota, ya je neman shawarar magabatansa a ofis, amsar da zai ji kusan ɗaya ce: ya sayi Peugeot 504, wadda Bahaushe ke kira Fijo. Dalilai uku za a ba shi. Kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta suna samuwa ko da a gari mai nisa ne, kuma ranar da lalura ta taso ya so rabuwa da ita, kafin la'asar an samu mai saye. Bayan shekara 40, ɗan wannan ma'aikaci zai je neman irin wannan shawara, a ce masa ya sayi Toyota Corolla ko Camry, a kuma jero masa waɗannan dalilai uku ba tare da an sauya ko ɗaya ba. Sababbin ƙirar Peugeot kuwa sun koma cikin motocin da ake ja wa mai saye kunne a kansu.

Idan da sauƙin riƙon mota hali ne da ke manne da tambarin kamfani, da hakan ba ta faru ba. Tarihin shekaru 50 na mota a Najeriya yana nuna cewa ingancin ƙira ginshiƙi ɗaya ne kawai. Sauran ginshiƙan suna wajen motar: yawan 'yan'uwanta a kan titi, ilimin kanikawan gari, hanyar da kayan gyaranta ke bi su iso kasuwa, da darajar naira. Ranar da waɗannan suka sauya, motar da ta fi kowacce sauƙin riƙo tana iya zama ƙarfen ƙafa ga mai ita. Maganar ba ƙarama ba ce, domin ga yawancin ma'aikata, in an cire gida, babu kadarar da ta kai mota cin kuɗi.

Kuɗin da ba a gani ranar ciniki

Farashin da aka biya dillali shi ne kaɗai kuɗin da mai mota ke gani dunƙule. Sauran suna fita ne kaɗan-kaɗan: man fetur, baƙin mai da sabis, tayoyi, batir, birki, inshora da sabunta takardu, gyaran ba-zata, da kwanakin da mota ta yi kwance a gareji mai ita yana biyan kuɗin haya. A ƙarshe akwai giɓin da ke tsakanin abin da aka saye ta da abin da aka sayar da ita.

A Amurka, ƙungiyar masu motoci ta AAA tana fitar da irin wannan lissafi tun 1950, kuma abin da ya saba fitowa shi ne faɗuwar darajar mota ya fi kowane kashi nauyi ga wanda ya sayi sabuwa. Mujallar Consumer Reports, wadda ke tambayar masu motoci halin da suke ciki duk shekara, ta daɗe tana sanya Toyota da Lexus a sahun gaba wajen ƙarancin lalacewa, yayin da motocin alfarma na Turai ke fitowa cikin mafiya tsadar gyara idan sun kai shekara 10. Sai dai wannan ma'auni na ƙasar da ake sayen mota dal ne, a kai ta garejin kamfani, a biya da kuɗin da darajarsa ba ta cika girgiza ba. Motar da ta iso Najeriya galibi ta riga ta cinye shekarunta na ƙuruciya a wata ƙasa, wato ɗan Najeriya yana karɓarta ne daidai lokacin da kuɗin gyara ke fara hauhawa. Shi ya sa abin da ya fi damun mai saye a nan shi ne wa zai gyara, da me, kuma a nawa.

Darasin Ford da Volkswagen

Masu ƙera motoci sun gano wannan tun da wuri. Model T, wadda kamfanin Henry Ford ya fara sayarwa a 1908 a kan kimanin dala 850, farashinta ya sauko ƙasa da dala 300 a shekarun 1920, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi guda miliyan 15. Yawan nan ya haifar da abin da ya fi arahar farashi muhimmanci. Da yake duk iri ɗaya ne, kowane ƙauye yana da mai sayar da kayanta, kuma manomi yana iya kwance ta da 'yan sifanu a bayan gida.

Heinz Nordhoff, wanda ya karɓi ragamar Volkswagen a 1948, ya mayar da darasin ƙa'ida. Kamfanin ya nace cewa dillalin da zai sayar da Beetle a ƙasashen waje sai ya tanadi kayan gyara da kanikawan da aka horar. Wasu kamfanonin Turai sun shiga kasuwar Amurka a shekarun 1950 da motoci masu kyan gani amma ba tare da irin wannan tanadi ba, kuma masu saye sun juya musu baya da zarar motocin sun fara kwana a gareji ana jiran kaya daga ƙetare.

Zamanin Fijo

Peugeot ta yi suna a Afirka tun kafin ta kafa masana'anta a Najeriya. Ƙirar 404 ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, sannan 504, wadda ta fito a 1968 ta kuma zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta lashe gasar a 1975. Ƙirar 504 ta dace da hanyoyin nahiyar. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye ramuka da gargada, injinta na kafireto ne da ba ya buƙatar wata na'ura kafin a gane ciwonsa. Mafi muhimmanci, ana iya zare silif ɗin injin a sa sabo tare da fistin da ringi, don haka injin guda yana iya komawa sabo sau da dama.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniyar da ta kafa kamfanin PAN a 1972, kuma masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci a 1975. Tana cikin jerin masana'antun harhaɗa motoci da aka kafa a wancan zamani, tare da Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu, Steyr a Bauci da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Lokacin ya zo daidai da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, wanda ya jefa kuɗi mai kauri a aljihun ma'aikata. Buƙata ta yi yawa, tashar jiragen ruwan Legas kuma ta cushe da jiragen siminti, har ta kai ana ɗauko sassan motocin a jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. A farkon shekarun 1980 masana'antar ta kai ga fitar da motoci sama da 50,000 a shekara guda.

Gwamnati ce babbar mai saye. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'ai har da shugaban ƙasa. Ma'aikatu, 'yan sanda, sojoji, jami'o'i da bankuna duk suka bi sahu. Direbobin tasha suka rungumi doguwarta mai layin kujeru uku, 'yan kasuwa kuma suka rungumi a-kori-kura.

Daga nan sai abu ya riƙa ciyar da kansa. Yaron da aka kai koyon kanikanci a Zariya ko Gusau, a kan Fijo ya fara riƙe sifana. Ɗan kasuwar da ke Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano bai ji tsoron zuba jarinsa a kayan Fijo ba, domin ya san ba za su kwana a shago ba. Wasu kayan ma a gida ake yin su: tayoyin Michelin a Fatakwal, na Dunlop a Legas, batir da gilashi a Ibadan. Sauran da ake shigowa da su kuwa ana biya ne da nairar da a 1980 ta fi dala daraja. Motar da ta mutu ta zama rumbun kayan gyara ga masu rai. A irin wannan yanayi, Datsun da Toyota da ake shigowa da su daga Japan, duk da ƙarancin shan mai, ana yi musu kallon motoci marasa ƙwarin jiki, kuma ba kowane gareji ne ke marhabin da su ba.

Shekarar da lissafi ya birkice

Faɗuwar farashin ɗanyen mai ta sa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasisin shigo da kaya ya zama aiki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a farkon shekarun 1980 ta koma kusan naira 4 a 1987, a shekarun 1990 kuma farashin gwamnati ya tsaya kusan naira 22, na kasuwar bayan fage ya ninka haka sau da yawa.

A nan ne raunin masana'antun ya bayyana. Harhaɗawa suke yi, ba ƙerawa ba. Injin da giyabos da yawancin sassa masu tsada daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake biya. Farashin sabuwar mota ya tsere wa albashi, rancen mota ya zama labari. Masana'antar Volkswagen ta durƙushe, ta Kaduna kuma ta rayu ne galibi da cinikin gwamnati. Ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara 20 bayan Faransa ta daina, ta kuma ƙara da 505 da 406. A 2003 gwamnati ta kawo tsarin biyan jami'ai kuɗi a maimakon saya musu motocin ofis, wanda ya rage wannan ciniki ƙwarai. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi. Michelin da Dunlop su ma sun rufe masana'antunsu a 2007 da 2008.

Giɓin da aka bari, motocin gwanjo ne suka cike shi. Yarbawa suka kira su tokumbo, wasu suka ce Beljiyom saboda tashar Antwerp da ake lodinsu, a Arewa kuma aka fi sanin su da 'yan Kwatano. Da yawa suna sauka a tashar Kwatano, su haura ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, su shigo ta iyakokin Sakkwato da Katsina, har zuwa farkon 2017 da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan tudu. Daga wannan zamani, abin da ke cika titunan Najeriya ya daina zama zaɓin gwamnati ko na masana'anta. Ya koma abin da masu motoci a wasu ƙasashe suka gaji da shi.

Yadda Toyota ta gaji kujerar

Ba za a musa ingancin Toyota ba, kuma yana da asali. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa mai tsayar da kansa idan zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. Ɗansa Kiichiro ya kafa kamfanin mota a 1937, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu injiniya Taiichi Ohno ya faɗaɗa wannan tunani ya zama tsarin aiki: ma'aikaci yana da ikon tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga kuskure, a gyara shi daga tushe. Kamfanin ya samu lambar yabo ta Deming kan inganci a 1965, ya fitar da Corolla a 1966, wadda zuwa 2021 aka sayar da sama da miliyan 50. Toyota ta kuma shahara da rashin gaggawar sa sabuwar fasaha, da kuma amfani da injin guda a motoci da dama. A yankin Sahel, Hilux da Land Cruiser sun nuna juriyarsu har ta kai ana kiran matakin ƙarshe na yaƙin Chadi da Libiya a 1987 da sunan Yaƙin Toyota.

Amma inganci kaɗai bai isa ya bayyana mamayar da ta yi wa Najeriya ba. Akwai wasu abubuwa uku da suka faru a wurare daban-daban, babu wanda ya tsara su da nufin taimakon Toyota.

Na farko, ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, da motoci masu sitiyari a hagu. Wannan ya rufe ƙofar motocin gwanjo na cikin Japan da Ingila, waɗanda suka cika Kenya da Tanzaniya, ya bar Turai da Amurka a matsayin manyan maɓuɓɓuga.

Na biyu, tsadar mai ta 1973 ta sa Amurkawa suka karkata ga ƙananan motocin Japan, kuma da aka taƙaita shigo da su a 1981, sai kamfanonin suka gina masana'antu a can. Honda ta fara haɗa Accord a jihar Ohayo a 1982, Toyota ta fara haɗa Camry a Kentaki a 1988. Daga 1997, Camry ta shafe shekaru masu yawa tana kan gaba a cinikin ƙananan motoci a Amurka. Miliyoyin motoci iri ɗaya ke nan, masu sitiyari a hagu, waɗanda bayan shekara 8 ko 10 za su faɗa kasuwar gwanjo.

Na uku, Peugeot ta fice daga kasuwar Amurka a 1991. Saboda haka, da intanet ya buɗe wa dillalan Najeriya ƙofar gwanjon motocin Amurka a shekarun 2000, babu Fijo ko ɗaya a wannan kogi. Kwantenonin da ke kawo motoci su ne ke kawo injuna da giyabos da ƙofofi na gwanjo zuwa kasuwar Ladipo a Legas, daga nan su bazu zuwa Apo a Abuja da Ƙofar Ruwa. 'Yan kasuwar Nnewi kuma suna kawo sababbin kaya daga Taiwan da Sin, kuma suna oda ne gwargwadon motar da ta fi yawa. Zagayen da ya ɗaga Fijo a 1980 shi ne ya ɗaga Corolla da Camry.

Akwai mota guda da ta fi kowacce fayyace wannan batu, wato Pontiac Vibe. Tambarinta na kamfanin General Motors ne, kuma an daina ƙera motoci da sunan Pontiac tun 2010. A bisa ƙa'ida, motar da sunanta ya mutu ya kamata ta zama marainiya. Amma Vibe ta cika biranen Arewa, kanikawa ba sa gudunta, domin an haɗa ta ne a masana'antar NUMMI ta Kalifoniya, mallakin Toyota da General Motors, kuma injinta da giyarta na Corolla ne. Kafin ita, wannan masana'anta ta riƙa haɗa Corolla da tagwayarta mai suna Prizm a layi ɗaya, amma a kasuwar gwanjon Amurka Prizm ta fi saurin faɗuwar daraja. Abin da ke ƙarƙashin bonet shi ke yanke kuɗin gyara, sunan da ke jiki kuma yana tasiri ne a ranar sayarwa.

Lokacin da kwamfuta ta shiga mota

Yayin da kasuwa ke sauyawa, ita ma motar tana sauyawa. Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka sun kashe kafireto, suka kawo injekta da ƙwaƙwalwar lantarki. Daga 1996 kowace mota a Amurka dole ta zo da kafar da ake jona na'urar binciken lafiyarta. Peugeot 307 ta 2001 da 407 ta 2004 sun zo da tsarin wayoyi da ke bi ta akwatin sarrafawa guda, ta yadda kuskuren mai wayarin a wuri ɗaya yana iya tayar da fitina a wani wuri. Bakaniken da ya gwanance a 504 ta hanyar saurare da taɓawa ya tsinci kansa a gaban motar da sai da kwamfuta take bayyana ciwonta.

Ɗabi'un da tsohuwar mota ke yafewa sai suka zama masu kisa. Ana cire abin daidaita zafin injin a yar, a jona fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka ƙera don mai tsinkakke. Ga kuma ingancin man da ake sha: rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 ya nuna cewa man da ake kai wa ƙasashen Afirka ta Yamma yana ɗauke da sinadarin salfa ninkin-ba-ninkin abin da aka yarda da shi a Turai. Motar da ta fi jure irin wannan riƙo ita ce ta fita da suna mai kyau.

Marsandi ta bi irin wannan hanya. Ƙirar W123, wadda aka yi kimanin miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986, tana cikin motoci mafiya ƙarko da aka taɓa ƙerawa. Ƙirar da suka biyo baya daga ƙarshen shekarun 1990 sun zo da na'urori masu yawa, wasu da ƙafafu masu aiki da iska. Irin wannan mota darajarta tana faɗuwa da sauri a gwanjo, amma kuɗin kayanta ba ya faɗuwa tare da ita, domin an yanka shi ne daidai da aljihun wanda ya saye ta sabuwa. A nan ne araha ke zama tarko.

Wannan ba ya nufin motar Japan ba ta da aibi. Wasu Camry na 2007 zuwa 2009 sun yi suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin ya faɗaɗa garanti a kai. Toyota ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 kan matsalar totur. Giyar atomatik ta wasu Honda Accord masu silinda shida na farkon shekarun 2000 ta wahalar da mutane da yawa. Bambancin shi ne, idan irin wannan ta faru a Kano, akwai injin gwanjo a kasuwa, akwai kuma wanda ya taɓa yin aikin sau ɗari.

Shaida daga wasu tituna

Ana iya gwada wannan hujja a wuraren da tarihi ya bi wata hanya. A Maroko, tsohuwar Marsandi 240D ta shafe shekaru da dama a matsayin tasin da ke jigila tsakanin garuruwa, talakawan direbobi ne ke riƙe da ita, har sai da gwamnati ta kawo shirin musanya ta da sababbi. A Senegal, doguwar Fijo mai cin mutum bakwai ta daɗe tana riƙe da tashoshi. A Ibadan, Nissan Micra ce tasi. A tashoshin Arewacin Najeriya, Golf 3 da Sharan na Volkswagen, duk da kasancewarsu Jamusawa, direbobi masu biyan balas sun zaɓe su, J5 ta Peugeot tana ta dakon tumatir da albasa, 406 kuma har yau tana da masoya da ƙwararrun kanikawa a Kaduna da Kano fiye da yadda take da su a wasu sassan ƙasar. Direban haya ba ya sayen mota don ado. Ya lissafa cewa a kan hanyarsa, wannan ƙirar ce za a gyara masa cikin yini guda.

Lissafin yau

Abubuwa biyu sun sake jujjuya lissafin a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne canji. Kayan gyaran da ake saye dala 100 bai wuce kimanin naira 20,000 ba a 2015, amma a 2024 ya kai naira 150,000 ba tare da farashinsa na dala ya motsa ba. Wannan ya sa mutum yana iya sayar da motarsa da naira fiye da yadda ya saye ta, ya ɗauka riba ya ci, alhali kuɗin ba za su saya masa irinta ba. Ya kuma faɗaɗa tazarar da ke tsakanin motar da ake samun kayanta na gwanjo a gari da wadda sai an yi oda daga waje.

Na biyu shi ne cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. A ɗauki misalin motoci biyu, ɗaya tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗayar lita 13, kowacce tana tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Bambancinsu lita 1,000 ne. Lokacin da lita take kusan naira 190, wannan bambanci naira 190,000 ne. Idan lita ta kai naira 900, ya zama naira 900,000 duk shekara. Manyan motoci masu silinda shida da takwas, waɗanda tallafi ya ɓoye tsadarsu shekara da shekaru, yanzu sun bayyana a ainihin farashinsu.

Shi kansa sunan Toyota ya zama abin biya. Tsohuwar Corolla takan fi wata motar da ta girme ta a ƙira kuma ta fi ta ƙuruciya tsada, farin jininta ya jawo kayan jabu masu yawa, ɓarayi kuma sun fi son motar da kayanta ke da kasuwa. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani tun 1970 cewa a kasuwar motocin hannu, mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Mai sayen da ba ya iya tantance lafiyar mota sai ya fake da suna. Amma suna ba ya warkar da motar da ta sha ambaliya, ko ta yi mummunan haɗari, ko aka mayar da mitar tafiyarta baya, kuma gwanjon Amurka cike yake da irinsu. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake iya binciken tarihinta da ita, ta fi rantsuwar dillali amfani.

Bahaushe ya ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma tarihin nan bai ƙaryata shi ba, sai dai ya nuna cewa nagarta tana da wuri da lokaci. Tambayoyin da suka dace mai saye ya yi ba su tsaya kan sunan kamfani ba. Wace ƙira ce, ta wace shekara, da wane inji? Guda nawa ne irinta a garin da zai zauna? Kanikawa nawa ne ke da na'urar bincikenta kuma suka iya karanta ta? Idan giyabos ya mutu yau, kwana nawa za a yi kafin a samu wani?

Waɗannan tambayoyi ne ke jiran sababbin shigowa. Motocin Sin irin su GAC, Changan, Chery da Geely suna ƙaruwa a ma'aikatu da kamfanoni, Innoson tana haɗa motoci a Nnewi, wani sabon kamfani mai haɗin gwiwa da Dangote ya koma haɗa Peugeot a Kaduna tun 2022, gwamnati kuma tana tura masu motoci zuwa ga iskar gas. Farashin wasu daga cikinsu yana da jan hankali, garantinsu kuma yana rufe shekarun farko. Hukuncin gaskiya zai fito ne a shekara ta bakwai ko ta takwas, lokacin da motar ta shiga hannu na biyu, mai ita ya tsaya a Panteka ko Ƙofar Ruwa yana tambayar famfon mai. Kamfanin da ya tanadi amsa a wannan rana, ya horar da kanikawa, ya cika shaguna da kaya, shi ne ke da damar hawa kujerar da Fijo ta zauna a kai a 1980, wadda Corolla ke kai a yau.